Rumbun da Ya Fito a Bango

Ƙungiyar da Lai'atu ke yi wa aiki a Madawa fuska biyu gare ta, kuma da gangan aka yi ta haka. A fili tana raba irin gero da awaki ga manoman Buza da Keita. A ɗakin baya kuwa, inda kabad ɗin ƙarfe yake, tana ba masu cutar sida maganinsu wata-wata. Dabarar ita ce, duk wanda aka gani ya shiga ƙofar sai a ce akuya ya zo nema, kuma har yau ba a ji wanda neman akuya ya kashe wa aure ba.

Lai'atu ce ke riƙe da makullin ɗakin baya. A unguwar ma'aikatan asibitin mishan ta girma, wurin da yaro ke koyon ganin wanda ya shiga ɗakin likita ya kuma manta kafin ya isa gida. Ko mijinta bai san sunan mutum guda daga cikin masu zuwa wurinta ba. Tana ɗan alfahari da wannan, irin alfaharin da fasto ke cewa a yi hankali da shi.

Duk ƙarshen wata akan yi taro ta bidiyo da masu ba da kuɗi da ke Yamai. Shugaban biro, wato ofishin ƙungiyar, Daniyel, wanda kowa ke ce wa Shef, yakan sa riga mai guga ranar, ko da yake daga ƙirji zuwa sama kawai ake ganinsa. Wakilan ƙauyuka su ma sukan shigo, kowa cikin ɗan murabba'insa a fuskar kwamfuta, kai ba jiki. Ɗaya daga cikinsu Haruna ne, wakilin Deule.

Abin da ba wanda ya sani a Madawa shi ne, Haruna ya samu sabon injin haska hoto a bango. A zauren ma'aikatar magajin gari kawai rezo, wato layin sadarwa, ke kamawa da kyau, can ya kafa shi. A Deule kuma ba a barin mutum ya zauna shi kaɗai gaban inji, rashin zumunci ne. Tunda maganar iri za a yi, sai ya gayyato kwamitin iri, aka shimfiɗa tabarmi, aka ɗora shayi. A allon Lai'atu kan Haruna kaɗai ake gani, yana gyaɗawa. Dattawan suna bayan kamara, suna kallon bango.

Da aka zo kan rabon iri, Shef ya ce ta nuna taswirar gonaki. Kwamfutar ta tambaye ta, kamar kullum, taswirar kaɗai za a nuna ko duk abin da ke allon. Na farkon yakan yi nauyi idan rezo ba ƙarfi, mutanen Yamai kuma ba su son jira. Ta zaɓi na biyun. Aka duba taswira, aka yaba, Shef ya ce ya isa. Ta rufe taswirar, amma ba ta katse nunin ba.

A bayan taswirar akwai hoton da take gyarawa tun safe don rahoton shekara. Asiya ce, wata mata daga Deule, tsaye gaban rumbun gidansu da kwalin magani a hannu. An bi ƙa'ida sarai: an cire suna, an ja baƙin layi a kan idanunta, an rubuta a ƙasa da Faransanci cewa uwar ɗiya uku ce, tana rayuwa da sida, ta samu sauƙi. Wata Madam cikin mutanen Yamai ma sai da ta ce hoton ya yi kyau ƙwarai, a sa shi a shafin farko. Lai'atu tana shirin yin godiya ke nan, sai ta ji tari daga murabba'in Haruna, alhali bakin Haruna a rufe yake. Bayan tarin ta ji ƙarar kofin shayi a kan faranti.

Ta danna abin katsewa. Ya ɗan yi tunani tukuna, kamar yadda ya saba, sannan ya yarda.

Ana gama taro ta kira Haruna. Da farko ya ce shi kaɗai ne, daga baya ya ce da mutum biyu-uku, a ƙarshe ya lissafa kwamitin duka. Ya rantse ba wanda ya ga kome, rana ta cinye bangon, kuma cikinsu ba mai karanta Faransanci. Mushen lakwal dai, wato malamin makarantar boko, ya leƙo, amma yana jin ya fita kafin lokacin. Yana jin. Da ta tambaye shi ko Isaka na wurin, sai ya ce ai Isaka ma'ajin kwamiti ne, ba a zama ba shi.

Isaka wan mijin Asiya ne. Mijin, Mahaman, ya daɗe a Libiya wajen biɗa, ya zo sau ɗaya ya bar mata ciki da abin da ba ta roƙa ba, ya koma. Gidan yana hannun Isaka da tsohuwarsu. Asiya ta taɓa gaya wa Lai'atu, cikin muryar da ake faɗin farashin gishiri, cewa ranar da suka sani ba za su tambayi inda cutar ta fito ba. Za a ɗaure mata kayanta a mai da ita gidan ubanta, yaran kuma su zauna.

Shef ya ɗauki maganar da muhimmanci. Tambayarsa ta farko ita ce ko Yamai sun lura. Da ya tabbata ba su lura ba, sai ya ce kuskure ne na fasaha, za a shirya horo a kai, har ya fara tunanin wanda zai kawo abincin horon. Ya kuma tuna mata cewa matar ta dangwala yatsa a takardar yarda, fuskar kuma a rufe take. Lai'atu ta ce haka ne. Ita ce ta riƙe yatsan ma ta dangwala.

Ta jira ranar kasuwa, don baƙuwa ba ta zama labari a ranar. Ta bar rigar ƙungiya da babur ɗin ƙungiya, ta shiga motar haya mai zuwa Deule kamar kowa, aka matsa ta tsakanin buhun masara da wata tsohuwa mai kaji. Hanyar ta hau dutse ta gangara fadama. Duk tsawonta tana shirya yadda za ta faɗa, kuma kowane shiri ya fi na baya muni.

Ta samu Asiya a bayan gida tana sussuka. Rumbun na nan tsaye bayanta, babba, mai ƙaton ciki, kamar yadda ya fito a hoto. A lokacin ne Lai'atu ta dube shi da kyau karo na farko. Duwatsun da aka kafa a jikinsa don hawa ba su miƙe tsaye ba, sun karkata hagu suna hawa. Na maƙwabta duk a miƙe suke.

Ba ta kai ga buɗe baki ba, Asiya ta riga ta. Ta ce Yaya Isaka ya shigo da yammar ranar taron, ya daɗe tsaye gaban rumbun yana kallonsa kamar zai saya. Shi ya gina shi. Bahago ne, duk rumbun da ya gina a garin haka matakansa suke, amma wannan kaɗai ne ke da tsagewa a wuya tun daminar bara. Ya tambaye ta yaushe mutanen ƙungiya suka ɗauki hoton rumbun. Ta ce ranar da aka ba ta akuya. Ya tambayi kwalin da ke hannunta. Ta ce maganin tsutsar akuya ne. Ya ce to. Washegari Inna, uwar mijinta, ta kira ta, ta ce bai kamata matar da mijinta ke nesa ta riƙa zuwa Madawa duk wata ba, mutane na da baki. In akuya na son magani, Isaka zai kawo.

Asiya ta jingine taɓaryar a jikin turmi.

"Madam, kin ce za a rufe mini fuska."

"An rufe, Asiya."

"Ido kika rufe. Wa ke duba idon matar aure a garinga?"

Lai'atu ta tambayi ko mushen lakwal ya yi magana. Asiya ta ce ba ta sani ba. Matarsa dai ta gaishe ta a rijiya gaisuwa mai tsawo, har da tambayar jiki, amma wataƙila halinta ne. Abin da ya fi cin ta ke nan, ba ta san wanda ya sani ba, ba ta san abin da ya sani ba. Maganin da ke hannunta zai kai ta ƙarshen wata. Daga nan sai abin da Allah ya yi.

Lai'atu ta ce ita za ta riƙa kawowa da kanta. Asiya ta dube ta, ta dubi takalminta na birni, ta ce yau an ɗauka kasuwa ta kawo ta, karo na biyu ba wanda zai ɗauki haka.

"Don Allah kada ki sake zuwa," in ji ta, ta ɗauki taɓarya.

An yi horon. Wani saurayi ya zo daga Tawa ya koya musu a nuna taga ɗaya kawai, a rufe duk abin da ba na taro ba kafin a shiga, a tambayi kowane wakili ko akwai wani tare da shi a ɗakin. Duk gaskiya ne, Lai'atu ta rubuta tsaf. An ci shinkafa da kaza. An karɓe injin Haruna, shi kuma ya daina gaishe ta da fara'a.

Ranar karɓar magani ta zo. Mutane suka shigo ɗaya-ɗaya neman akuya, suka fita ta baya da abin da ya kawo su. Kwalin Asiya ya rage a kabad. Bayan azahar mai gadi ya leƙo ya ce wani mutumin Deule na son ganin Madam.

Dogo ne, mai furfura a gemu, busasshen laka ya zauna a tsagogin hannunsa. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ko da yake ba wanda ke cirewa. Ya yi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya. Ya ce shi ne Isaka. Sannan ya dubi kabad ɗin ƙarfe, ya mai da ido ƙasa.

"Madam, maganin akuyar gidanmu na zo karɓa."

Ta ce maganin dabbobi a ɗakin gaba ake bayarwa. Ya ce ya sani, ya biya can, wanda suka nuna masa kwalinsa ba irin wanda ya gani ba ne. Ya ce shi bai yi lakwal ba, bai san abin da aka rubuta a bango ba, bai kuma tambayi mushe ba. Amma ƙanensa ya kira daga Libiya, muryarsa ba ta yi masa daɗi ba, ya ce zai dawo bayan girbi. Shi dai ba ya son akuyar ta kwanta, tana da ƙanana.

Lai'atu ta dube shi tana neman abin da za ta karanta a fuskarsa. Ba baƙin layi a kan idanunsa, amma ba ta ga kome ba. Mai yiwuwa mutum ne da ya gane, ya zo ya taimaka. Mai yiwuwa kuma Inna ce ta aiko shi ya kawo kwalin a kai wa mushe ya karanta a gaban dangi. Dukansu biyu haka za su cire takalmi, haka za su yi magana. Ƙa'ida kuwa a nan ba ta da shakka: ba a ba kowa maganin wani, ba a ma yarda cewa wanin yana nan.

Don haka matar da ta haska Asiya a bangon zauren magajin gari ta gyara zama, ta ce masa ba ta san wadda yake nufi ba, kuma sirrin mutane amana ne a wannan biro.

Isaka ya ce haka ne, hakan ya kamata. Ya yi godiya, ya sa takalminsa, ya ce bari ya kama motar la'asar.

Ta zauna tana kallon kabad. In kwalin ya kwana a nan, sirrin Asiya na nan yadda ya rage, jikinta kuma zai fara faɗar abin da baki ya ɓoye, tun kafin a kai gero rumbu. In ya tafi, ya tafi ne a hannun mutumin da ke iya raba ta da ɗiyanta da kalma ɗaya. Ta nemi hanya ta uku har mai gadi ya fara rufe tagogi.

Ta ɓare kwalin, ta juye ƙwayoyin cikin wata robar da ba rubutu, ta sa a jaka. A bakin hanya ta sayi albasa rabin buhu, ta tura robar can tsakiya, ta ɗaure bakin da kyau.

A tasha motar Deule ta kusa cika. Isaka na zaune a gefen taga, hannuwansa a kan gwiwa. Da ya gan ta sai ya matsa, yana tsammani shiga za ta yi. Ta miƙa masa buhun ta taga.

"Albasa ce, Malam. A kai wa mai akuyar, hannu da hannu."

Ya karɓa da hagu, ya tallafe da dama. Bai latsa buhun ba, bai tambaya ba. Ya aje shi a kan cinyarsa ya ce za ta ji.

Yaron mota ya buga ƙarfe, motar ta fita ta kama hanyar Buza. Lai'atu ta tsaya a tasha har ta daina ganinta. Wancan karon kuskure ne na fasaha, Shef ma ya faɗa. Wannan kuwa ita ta ɗaure bakin buhun da hannunta, kuma ba ta da abin dannawa ta katse.