Ɗan Tsohuwa

Wai tsibiri! Mu da muka tashi a bakin tabkin nan na ƙasar Keita ba mu san shi da wani suna ba sai Tudun Shanu. Da rani tudu ne kawai, jaki ma yana hawansa da kaya. In damina ta yi kyau, koramu suka zubo daga duwatsu, ruwa ya kewaye shi wata uku ko huɗu, to sai wanda ya san mashigi ke isa can. A garinmu ni Hamma na san mashigin, don ni ke ƙetarar da shanu tun ina saurayi.

A shekarar da nake ba ku labari Nasara suna yaƙi can ƙasarsu, mu kuma nan ana kwasar samarinmu aikin dole, suna fasa dutse ana yin hanyar mota. Wanda ya tafi, ko ya dawo da tari ko kada ya dawo. Da muka ji masu jar hula, wato gardin bariki, sun fara bin garuruwa, sai na ƙetarar da samari bakwai tare da shanu, na ajiye su a gabashin tudun inda ciyawar ruwa ta fi mutum tsawo. Cikinsu har da ɗana na fari, wanda matarsa Suwaiba ke da ciki.

A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya nuna shi a gaban mutane ya ce nawa ne. Kunya ce, haka muka tarar. Da aka yaye shi uwata ta ɗauke shi ta raina, ni da uwarsa Mairama muka riƙa ce masa ɗan tsohuwa. Shekara ashirin da biyu sunansa bai taɓa bi ta bakina ba, ina kuwa alfahari da haka, wawa da ni.

Samarin sun kwana goma a can sai ga maigari Illa a ƙofar gidana, fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Wai an kawo sabon kumandan, matarsa 'yar bakin teku ce, tun da ta zo ƙasar duwatsu take kuka da kewar ruwa. Wani mai dogon baki ya gaya mata akwai tsibiri a nan, ita kuma ta ce sai ta gani.

"Kai za ka kai su gobe," in ji Illa. "Ka zagaya da su yamma, ka hana su gabas. In ka ƙiya, su nemo wani wanda bai san abin da munka ɓoye ba."

Da hantsi suka iso bisa dawakai: kumandan, yaro ɗanye mai jan wuya, da madam cikin malafa mai faɗin faifai, da gardi biyu, da tafinta Iliyasu. Iliyasun nan ɗan ƙasar nan ne, nonon da muka sha shi ya sha, amma ya yi lakwal, makarantar Nasara, ya sa farin wando da takalminsu yana kallonmu kamar bai taɓa jin warin kashin shanu ba. Kumandan ya yi magana, shi ya juya mini.

"Kumandan ya ce in madam ta ji daɗin yawo, bana ba a taɓa ɗiyanka. Duk ɗan da kah haihwa ya huta da aikin hanya. Ka ji alheri."

Na ji, na kuma yi godiya, amma ban ce ina da ɗa a tudun ba. In na faɗa na tona sauran shida, kuma alkawarin Nasara ban taɓa ganin an ɗaura masa igiya ya tsaya ba.

A bakin ruwa na ce kowa ya bi wutsiyar dokina, kada ya kauce ko taki ɗaya, don mashigin siriri ne, hagu laka, dama rami. Kowa ya ji, har kumandan. Iliyasu kaɗai ya ga bai kamata mai jin harshen Nasara ya bi bayan makiyayi ba, ya zaburi doki ya zo gefen madam. Dokin ya nutsa cikin laka, ya watsar da shi. Ya taso baƙi ƙirin, hularsa tana tafiya bisa ruwa, takalmi ɗaya ya zauna a ƙasa har yau.

Da na yi shiru da ya fi. Amma bakina bai taɓa sanin ranar hutu ba.

"Malam Iliyasu," na ce, "ashe dokin bai yi lakwal ba. Ka yi mishi Hausa mana, ko shi ji."

Gardi biyun suka fashe da dariya, madam ta taya su ba tare da ta san abin da na ce ba. Iliyasu ya share laka daga idonsa ya dube ni.

Muka hau tudun ta yamma. Ba zan yi ƙarya ba, wurin yana da kyau a wannan lokaci. Bakin ruwan farin yashi ne, bado ya buɗe fure ya rufe gaɓa, dinya da kirinjijiya suna tashi garke-garke. Madam ta tuɓe takalmi ta shiga ruwa har idon sawu, tana tsintar katantanwa tana zubawa cikin malafa, tana hawaye tana dariya. Ni ina tsaye riƙe da linzami, ita tana wasa da ƙafa a ruwa.

Daga nan ta fito da ɗan littafi, ta kama tambayar sunan kome. Ta nuna itace, Iliyasu ya ce, "Sunanshi?" Na ce gawo. Ta nuna wani, na ce aduwa. Ta nuna tsuntsu mai dogon wuya, na ce zalɓe. Ta nuna ciyawa, na ce ƙarangiya, ta taɓa ta kuwa ta ji dalilin sunan. Muka ratsa 'yar gonar maiwa da wani ya shuka kafin ruwa ya rufe hanya, ta tambayi sunan maiwa, ta tambayi sunan tsutsar da ke cin ta. Tana rubutawa tana maimaitawa da karyayyen harshe. Duk abin da Allah ya halitta a yammacin tudun nan sai da na faɗi sunansa ranar.

Da rana ta take suka zauna gindin tsamiya, aka buɗe musu kifin gwangwani. Ba wanda ya ce mini ga ruwa. Ban damu ba, lissafina ɗaya ne, rana ta karkata mu juya. Na ce wa Iliyasu ya gaya musu gabas ba kome sai sauro da macizai. Ya faɗa, ko bai faɗa ba, Allah ya sani. Madam dai ta ce kafin a koma tana son ta hau ƙololuwar tudun ta ga ruwa ta kowane gefe.

Daga sama ana ganin jajayen duwatsun Adar sun yi layi, tabkin ya kwanta a ƙarƙashinsu, garinmu kamar an zuba tukwane a bakin gaɓa. Ban kalli ko ɗaya ba, gabas nake kallo. Can kuwa balbelu suka tashi fari fat, suka yi kewaye suka sake sauka wuri ɗaya. Madam ta tafa hannu ta ce sai ta je kusa. Babban gardin ya dube ni ya yi murmushi, don ko yaron goye a ƙasar nan ya san inda balbela ta taru akwai shanu, inda shanu suke akwai mai kiwonsu.

Na yi ta jan su ta doguwar hanya, ina tari da ƙarfi, ina yi wa doki tsawa ba laifin kome, don samarin su ji. Sun ji kuwa. Kafin mu sauka shida sun shige ciyawar ruwa, ko motsinsu babu. Ɗaya ne bai gudu ba. Farar saniyar da uwata ta bar masa kafin ta rasu tana kwance tana naƙuda, ɗan maraƙin ya zo a karkace, shi yana durƙushe hannunsa cikinta har gwiwar hannu. Ya ɗago ya gan mu, ya mayar da kai ga aikinsa. Bai tashi ba sai da ya jawo maraƙin ya share masa hanci.

Madam ta yi ta murna, a ganinta wannan ma cikin yawon ne. Kumandan kuwa fuskarsa ta canza. Ya dubi saurayi ƙaƙƙarfa a ɓoye cikin tudu, ya dube ni, ya yi tambaya.

"Shina tambaya," in ji Iliyasu, "wanga ɗanka na?"

Ku da kuke saurare za ku ce ai sai ka ce i. Ni ma yau haka nake cewa. Amma ga yaron tsaye gabana yana kallon ƙasa, ga baƙi, ga gardi, kuma bakin da ya shekara ashirin da biyu yana bin hanya ɗaya ba ya tsayawa shawara. Kafin hankalina ya iso, harshena ya riga ya amsa.

"Ɗan tsohuwa na."

Duk wanda ya sha nonon Adar ya san ma'anar wannan magana. Gardin nan biyu sun sani, na ga ƙaramin ya gyaɗa kai. Iliyasu ya fi kowa sani, shi kansa ɗan fari ne, a ɗakin kakarsa ya girma. Ya dube ni, ya dubi busasshiyar lakar da ke jikin wandonsa, ya juya ya yi wa kumandan magana gajeriya. Daga baya ƙaramin gardin ya gaya mini abin da ya ce: wai na ce ɗan wata tsohuwa ne.

"To mi sunanshi?" in ji Iliyasu, yana kallona ido cikin ido.

Na buɗe baki. Ni da na faɗi sunan tsutsa ɗazu! Sunan ya zo maƙogwarona ya tsaya kamar ƙashin kifi. Ban fi numfashi uku ina kokawa da shi ba, amma kumandan ya riga ya ɗaga hannu, babban gardi ya kwance igiya daga sirdi.

Sai a nan na farka. Na yi tsalle na kama linzamin kumandan ina ihu. "Nawa na! Ni na haihe shi! Iliyasu, hwaɗa mishi, ka san al'ada, ka san abin da nike nuhi!"

"Na hwaɗi abin da kac ce," in ji shi a sanyaye. "Ni magana nika juyawa, ba al'ada ba. Yanzu in na ce ɗanka na, cewa za shi yi ka ga igiya ka sake baki. Ka yi mishi Hausa mana, ko shi ji."

Gardi ya buge hannuna da gindin bindiga. Yaron bai ce Baba ba, shi ma kunyar ta ɗaure shi. Da ana ɗaure masa hannu sai ya ce wa iska, ba ni ba, "A ba maraƙin nono kahin dare."

Ni na ja su muka ƙetare ruwa, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Ina gaba, ramin yanzu yana hagu, taki biyu kawai zan kauce su bi ni duka mu huta. Na waiga na ga igiyar ɗana a ɗaure da sirdin gardi, in doki ya nutsa da shi zai tafi. Haka na fitar da su lafiya, ɗaya bayan ɗaya, kamar amintaccen bawa. A gaɓa madam ta ce tun da ta zo ƙasar nan ba ta yi yini mai daɗin wannan ba, ta miƙo mini katantanwa ɗaya daga malafarta. Katantanwar tabkinmu, wai tukwici.

Na je bariki sau uku. Mai juya magana a ƙofar shi ne Iliyasu, kun ga ke nan. Ina jin haushin kumandan, ina jin haushin matar da ta zo neman teku a ƙasar duwatsu, Iliyasu kuwa ban yafe masa ba, ba kuma zan yafe ba. Amma in na gama zagin su duka sai in tarar da kaina zaune ina jira, don ba Iliyasu ya sa mini maganar a baki ba.

Bayan wata huɗu wani mutumin Allakaye da suka yi aiki tare da ɗana ya kawo sandarsa da hularsa. Ya ce ƙirji ne, kwana shida ya yi ya cika. Mairama ta karɓi hular ta shige ɗaki, ko kukan kirki ba ta yi a gaban mutane ba, wai ɗan fari ne.

Suwaiba ta haihu namiji ana cikin sanyi. Ranar suna liman ya sunkuyo ya ce in raɗa masa a kunne abin da za a sa wa jariri. Ban raɗa ba. Na miƙe tsaye a tsakiyar maza na ce, "Halidu. Sunan ubanshi Halidu, ɗana, ni na haihe shi." Tsofaffi suka sunkuyar da kai, mata a cikin gida suka kama baki.

Yau yaron yana bin shanu. Duk gari Maisuna suke ce masa, don kada su kama sunan a gabana. Ni kuwa in na tashi kiransa daga bakin tabki nake tsayawa in buɗe murya, har na ƙarshen gari su ji. Ana cewa Hamma ya tsufa ya zubar da kunya, su yi ta faɗa. Ina kira Halidu, wannan yana amsawa.