Wadda Ta Ƙona Jitar Baba

Tun ranar da littafin tarihin Babanmu ya fito ban iya zama wuri ɗaya ba. Baba mawaƙi ne da ko yaro ya san muryarsa, bara Allah ya yi masa rasuwa. Ni ce autarsa, kuma ni na kwashe zafin kan gidan gaba ɗaya.

A babin ƙarshe marubucin ya ce Mama ce ta kashe masa sana'a. Wai ta tsani kiɗa, ta ɗauki jitarsa ta cinna mata wuta a tsakar gida, daga nan bai ƙara hawa dandamali ba. Kai, jama'a! Matar da ta tsufa tana goge masa rigunan wasa? Yanzu ko kanti ta shiga sai zunɗe, a rediyo ana ta yayyaga ta, har ta daina leƙa ƙofa.

Da na ji ana shirin bugu na biyu, sai na faɗa ofishin marubucin ko sallama babu. Fanka na kaɗawa, takardu na tashi, ya nuna mini kujera na ƙi.

"Malam, wa ya shirga maka wannan ƙaryar?"

"Yi haƙuri, ƙanwata. Shaidu uku gare ni, 'yan amshinsa, kuma bakinsu ɗaya."

"Tare ka zaunar da su?"

"A ɗaki ɗaya, i."

Dariyar takaici ta ƙwace mini. "'Yan amshi fa! Mutanen da abincinsu maimaita abin da na gaba ya faɗa? Kawu Dogo, babbansu, ya ja baki, sauran suka karɓa. Ko cewa ya yi Baba na da fiffike, 'haka ne' za ka ji."

Marubucin ya sunkuyar da kai. Ba mugu ba ne, son Baba ne ya rufe masa ido, yana neman wanda zai ɗora wa laifin shirun gwaninsa. Na tasa shi gaba muka bi su ɗai-ɗai. Wannan ya ce shi ba ya ma gari a lokacin, wancan ya ce a bakin Dogo ya ji. Dogon kansa ya yi ta sosa ƙeya, ashe hayaƙi kawai ya hango ta saman katanga.

Ina tafe kamar zan tashi sama muka iso gida. Mama na falo tana ɗinke maɓallin wata tsohuwar rigar Baba.

"Mama, faɗa masa da bakinki ba ki ƙona komai ba, ya cire shafin nan."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Auta, rage murya. Ni na ƙona ta."

Na ƙura mata ido.

"Yatsunsa ne suka daina jin maganarsa," in ji ta. "Kullum sai ya kulle ɗaki ya gwada, ni kuma ina jin wayoyin suna kukan da ba nasa ba. Muddin yana ganinta sai ya ɗauka, in ya ɗauka sai ya fito da jajayen idanu. Shi ya miƙo mini ashanar. Ya ce a tuna shi da hannunsa lafiya."

Marubucin ya zaro biro. "Mama, in na rubuta wannan, kin wanku."

"Ka rubuta hannunsa ya mutu? A koma ana ƙura wa hotunansa ido ana neman karkarwa?" Ta gutsure zaren da haƙori. "Bar shafinka yadda yake, ɗana. Ni ina da rai, zan iya ɗauka. Shi fa?"

Wallahi na ji haushinta, na ji haushin Baba, na rasa wanda zan yi wa ihu. Na kai bakin ƙofa na dawo, na sake komawa.

"Auta," ta kira ni, "tunda kin kasa zama, je kanti ki sayo mini baƙin zare. Kin san ni ba na fita."