Giwar da Ba Ta Jin Tamil

Tun da aka sauke giwar nan daga babbar mota garinmu bai sake samun sukuni ba, ni ma haka. Furanni nake sayarwa a ƙofar gidan bauta, don haka duk maganar da za ta shiga ciki sai ta bi ta gaban faifaina.

Kwamitin gidan bautar ne ya sayo ta daga arewa, can Bihar inda ake jin Hindi, bayan tsohuwar giwarmu ta mutu. Sunanta Campa. Aka danƙa ta a hannun yayana Marudu, wanda ya yi furfura a kiwon giwar gidan. Mutumin da ya rako ta ya tsaya zai koya masa kalmomin da ta saba ji, na zama da na tashi. Yaya yana jin Hindi ya juya masa ƙeya.

Ba wanda bai san dalili ba. Babban wanmu Sangili yana ɗalibi aka ce ala tilas Hindi ne zai zama harshen ƙasa. Ya fita zanga-zanga da gwangwanin kwalta yana shafe rubutun Hindi a tashar jirgi, aka dawo mana da shi a kan ƙyauren ƙofa. A gaban gawarsa Yaya ya rantse kalmar Hindi ba za ta taɓa fita daga bakinsa ba. Ni kuwa na fi shi riƙon rantsuwar, ko waƙarsu aka sa a rediyo sai na tofar da yawu.

"Tunda ta ci shinkafarmu, za ta ji yarenmu na Tamil," in ji Yaya.

Ina! Ya yi lallashi da rake, ya yi tsawa, har ƙugiya ya ɗauka, abin da ban taɓa gani ba. Campa sai ta zuba masa ido tana rangaji, dama da hagu, sarƙa tana ƙara. Wuni take yi a haka. Shi ma ya daina zama wuri ɗaya, tun kafin in gama zuba masa abinci ya miƙe.

Ana cikin haka ta taka ƙusa. Ƙafar ta kumbura, ta fara wari, ƙudaje suka samu wurin zama. Likitan dabbobi ya ce sai ta durƙusa ta kwanta kafin a tsaga wurin, kuma ba zai yi mata allurar barci ba, don a yadda ta rame ba lallai ta farka ba. In aka ƙara jinkiri, rasa ta za a yi.

A teburin Irulandi mai shayi, abokin Sangili tun suna yara, kullum sai an kusa ba hammata iska.

"Ƙasa ɗaya, baki ɗaya, mene ne aibu?" in ji Sokkalingam, shugaban kwamiti. "Ko dabba ta gane, sai ku."

"To ka je Delhi su ɗaura maka sarƙa kai ma!" in ji Irulandi. "Don sun fi mu yawa? Ai sauro ma ya fi mu yawa, mu naɗa shi sarki?"

Sokkalingam ya juya wurin Yaya. "Surutu ba ya warkar da ƙafa. Marudu, kalma ɗaya ce fa, ba za ta ƙone maka harshe ba."

Na ajiye zaren furanni na ce, "Ranka ya daɗe, ba kai ka wanke gawar ba." Yaya ya bar shayinsa ya huce.

Da rana tsaka likita ya dawo da kayan aikinsa, jama'a suka cika farfajiya. Yaya ya tsaya gaban Campa ya ce mata ta zauna, da Tamil, har muryarsa ta dushe. Tana ta rangaji a kan ƙafa uku, ruwa yana bin gefen idonta. Na ga ya dubi ƙugiyar da ke hannunsa, ya daɗe yana dubanta, sannan ya yar. Ya dafa hancinta.

"Baith," ya ce, a hankali, wato "zauna" da Hindi. Ashe ranar da ya juya wa mutumin nan ƙeya, kunnensa ya riga ya ɗauka.

Campa ta tsaya cak. Ta ɗaga kunnuwa, ta lalubi fuskarsa da hanci kamar mai neman wani da ta sani, sannan ta durƙusa, ta kwanta. Sokkalingam ya fara tafi, da ya ga shi kaɗai ne ya bari. Irulandi ya koma teburinsa ya ɗauki kofin da Yaya yake shan shayi da shi kullum ya kife.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na jira aka gama ɗaure ƙafar, na same shi yana wanke hannu a bakin rijiya.

"Yaya, a gaban mutane? A kan dabba ka sayar da Sangili?"

"Ponnu," ya kira sunana, bai ɗago ba, "an rabo ta da garinsu, an ɗaure ta, ni kuma na tsaya a kanta da ƙugiya wai sai ta ji yaren da ba nata ba. Da Sangili ya gan ni, a fuskata zai shafa kwaltar nan."

Na ɗaga kai na dubi farfajiyar. Can bayansa Campa tana kwance tana cin rake, sarƙar ta yi shiru.