Iya a Ƙofar Rumfa Biyu

Wani mafarki na yi jiya da dare. Laifin 'yata Rakiya ne, da ta sa ni gaba da aikin lissafinta.

Sai ga ni a wani gari, rana tsaka, ruwa yana tashi daga ƙasa yana komawa sama. Iya, mahaifiyata, tana riƙe da hannuna, zaninta ya jiƙe sharkaf. Kowa da lamba a goshi. Tawa shida, ta Iya ɗaya.

Can muka hango gidaje biyu an ɗaura musu aure sun zama ɗaya. Na ce alhamdulillahi, gida biyu a haɗe ai har baƙin kasuwa sai su samu wuri. Ashe ni ne ban san garin ba.

A bakin ƙofa rumfa biyu ce, kowace da siffar alamar lissafin nan da ake kira sikwaya rut. Wani bunsuru mai tabarau yana zaune, yana taunar biro.

"Rumfar farko tana cire biyu daga lambarka," in ji shi. "Ta biyu tana cire lambarka daga bakwai. Wanda ya faɗi ƙasa da sifili, rut ba ta saninsa."

Na wuce lafiya lau. Iya ta sa ƙafa, rumfar farko ta tofo ta waje kamar ƙwallon dabino.

Innalillahi! Na ce, "Ranka ya daɗe, ai a ta biyu shida take samu!"

"Da aka haɗa gidajen, sai wanda duka biyun suka yarda da shi. Daga biyu zuwa bakwai. Ba ma karɓar rabin tsohuwa."

"Wane irin haɗi ne wannan da yake rage ɗaki?"

"Irin namu."

Ruwan ya fara ɗaga Iya. Wallahi ina kallo takalmanta suka bar ƙasa, ita kuwa sai gyara mayafi take yi. "Shiga abinka, Tanimu," ta ce. "Kada sanyi ya kama ka."

Hankalina ya tashi. Na yi tsalle na cafko ƙafarta, na goya ta kamar yadda ta goya ni.

Bunsurun ya cire tabarau. "Shida da ɗaya, bakwai. Bakwai cire bakwai, sifili." Ransa ya ɓaci. "Sifili halal ne. Ku wuce. Amma ranar da ka sauke ta, ta tafi."

Na shiga da ita a baya. Aka kawo tuwo, na ci a tsaye. Bayana ya fara tsagewa, hannuna yana zamewa, Iya tana cewa in huta, ni kuma ina ihu ba zan huta ba.

Sai na ji ƙarar buta a kan siminti. Na farka, na fito a guje ba ko riga. Iya ce a tsakar gida tana alwala. Na duƙa ina duba goshinta.

Ta ture min hannu. "Kai, lafiyarka kuwa? Matsa, ka taka min takalmi."