Yajin Aikin Mai Ƙaho

Kawuna tela ne, kuma ban taɓa jin ya ba wani haƙuri ba. Ko ya ɗinka maka wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, cewa zai yi kai ne ba ka iya tsayuwa ba.

Mijin 'yarsa ne ya saka masa wani wasa a waya. Ƙwallon ƙafa ne, amma 'yan wasan dodanni ne da mayaƙa da matsafa. Kai ne mai horarwa: ka zaɓi 'yan wasanka, ka tsara inda kowa zai tsaya, ka tura wasu daji neman takalman tsafi, sannan ka kara da ƙungiyoyin wasu mutane. Kowane ɗan wasa da halinsa. Har magana suke yi maka a rubuce, kai kuma ka zaɓi amsa.

Kawu ya kamu. Keken ɗinki ya yi shiru, allin zana yadi ya koma zana tsarin 'yan baya a kan teburin yanka.

Tauraron ƙungiyarsa wani dodo ne da yake kira Mai Ƙaho. Wata rana aka ba su bugun fanareti, Mai Ƙaho ya sheƙo da gudu, ya sunkuya, ya haɗiye ƙwallon. Cikin amsoshin da wasan ya jero, Kawu ya danna mafi zafi: "Kai dai asarar ciyawa ne."

Shi ke nan. Mai Ƙaho ya zauna a tsakiyar fili, ya juya baya, ya ce ba zai sake buga wasa ba. Maɓalli biyu suka fito: "Ba shi haƙuri" da "Sayar da shi". Kawu ya ƙi taɓa ko ɗaya. Aka yi ta lallasa ƙungiyarsa, shi kuma ya daina cin abinci.

Matarsa ta rasa yadda za ta yi, ta kira Gwaggo, yayarsa, ta ce mata ya yi faɗa da yaronsa na aiki. Gwaggo ta zo sulhu. Aka zauna a falo, aka jingina wayar da filas ɗin shayi. Ta gyara tabarau, ta daɗe tana duban dodon.

"Ɗan gidan waye?"

"Yaya, a kogon dutse na samo shi."

"Maraya ne ke nan. Ka ji tsoron Allah." Ta matso kusa da wayar. "Yaro, ka yi haƙuri da ubangidanka. Haka yake tun yana ƙarami, ni ma da na goya shi bai bar ni ba. Tashi ka koma bakin aikinka."

Mai Ƙaho ya ɗaga jela ya sosa baya, ya yi gyatsa. Wani ɓallin ƙwallo ya faɗo daga bakinsa.

Gwaggo ta ja da baya. "Ni yake yi wa gyatsa? Ba shi da tarbiyya. Sayar da shi!"

Kawu bai taɓa yi mata musu ba. Ya danna.

Ashe Mai Kyamis, wanda bango ɗaya ya raba shagonsa da na Kawu, shi ma yana wasan, kuma shi ya saya. Karawarsu ta farko, Mai Ƙaho ya yi wa ragar Kawu ruwan ƙwallaye. Duk wadda ya ci sai ya matso gaban allon waya ya girgiza ƙaho, dariyar Mai Kyamis kuma tana ratso bango.

Washegari ina shagon, Kawu ya ajiye almakashi ya fita. Na bi shi, don na ɗauka dambe za a yi. Ya tsaya gaban kanta ya miƙa hannu.

"Maƙwabci, ba ni wayarka."

Mai Kyamis ya ba shi yana ɗari-ɗari. Kawu ya ƙura wa dodon ido.

"Ya rame. Yaushe rabon ka kai shi daji?"

"Ina nake da sukuni? Ga masu sayen magani."

"Kuma wa ya ce maka a hagu ake sa shi? Ƙahon dama ne mai kyau!"

Ya ja kujera ya zauna, ya sake wa Mai Kyamis tsarin ƙungiya kakaf. Tun daga ranar, kullum bayan la'asar yana can cikin kwalayen magani, yana yawo da Mai Ƙaho a daji, yana zaɓar masa takalmi.

Ƙungiyar Mai Kyamis ce ta ɗauki kofi a kakar nan. Ta Kawu ta ƙare a can ƙasa, har mai tsaron gidansa, wani tsohon matsafi, ya fara kiwon kaji a cikin raga.