Ɗankwalin Zekiye a Ma'aikatar Harkokin Waje

Ertan ya riƙe hannun mahaifiyarsa Zekiye suna hawa matakalar ma'aikatar a Ankara, yana tafiya a hankali don kowa ya ga ɗankwalinta. Jiya ya ɗauko ta daga ƙauyensu a Yozgat, wai ta zo gaisuwar Sallah ta ma'aikata. Gaskiyar magana, kujerar jakada a Doha, wadda Ertan ke hari, ake shirin cikewa, kuma Nurullah Bey, mai tsara sunayen, ba ya tura wanda bai san alƙibla ba.

Da can, lokacin da nuna addini ke hana mutum ci gaba, kujerar Brussels ake rububi. A zamanin ne Ertan ya auri 'yar wani kanal a kulob ɗin hafsoshin soja, inda mai ɗankwali ba ta shiga. Awa uku Zekiye ta yi cikin mota a bakin ƙofa, gogan naka kuwa ya ce wa surukai ba ta da lafiya. Shekara ashirin da biyar ba wanda ya tayar da maganar.

Nurullah Bey ya sumbaci hannun tsohuwar, ya ɗora a goshinsa, ya sa aka kawo mata shayi.

"Inna, ashe haka Ertan ya ɓoye mana ke? Ni tawa uwar a bakin ƙofar jami'a ta tsaya ranar da na karɓi digiri, saboda ɗankwalinta. Ke ma kin sha irin wannan?"

Zekiye ta dubi Ertan, ta ajiye kofin.

"Ko kusa, ɗana. Yaron nan bai taɓa barina a waje ba. Ranar aurensa ma kusa da shi na zauna."

Nurullah Bey ya dafa kafaɗar Ertan. "Ka zo ofishina ranar Litinin."

Da suka koma mota kunya ta hana Ertan kallon mahaifiyarsa. Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Inna, mu je gida. An yi miki girki."

"Tasha za ka kai ni." Ta gyara ɗaurin haɓarta. "Da bakin da na yi azumin wata guda na yi maka ƙarya. Ta biya?"

"Ta biya, Inna."

"To madalla. In an sake buƙatar ɗankwalin, ba sai ka wahalar da gwiwoyina ba. Ka yi waya, sai in ba direban bas ya kawo maka shi."