Yadda Kaka Bukar Ya Matsar da Duniya

Saura minti goma a kira sunan makarantarsu, Ummulkhairi ta yaye buhun da aka lulluɓe injinta mai nuna tafiyar duniyoyi da shi, sai ta ga an sauya mata tsari. Duniya ce zaune daram a tsakiya. Rana kuwa tana can layi na huɗu, tsakanin taurarin Zuhura da Marriku.

Gasar kimiyya ce ta makarantun 'yan mata, a wani ɗakin taro daura da Ƙofar Nassarawa, kuma wadda ta zo ta ɗaya ita za ta wakilci Kano a Abuja. Wata uku ta yi tana zanen yadda duniyoyi ke kewaya Rana, ta kai wa kakanta Bukar, maƙerin tagulla a Jakara, ya ƙera mata. Sai da safen nan ya iso da abin a Adaidaita.

Ta same shi a kujerar gaba, ya sha babbar riga da hula zanna bukar. Da ta tambaye shi ina zanenta, ya ce ai ya ga ta yi kuskure, shi ya sa ya gyara mata. Haka mahaifinsa ya karanta ilimin falaki a Barno, haka ya koya masa, ba ya ƙera abin da malamai za su yi wa dariya.

"Amarya, da idona nake ganin Rana tana fitowa ta bayan kasuwa. Ke wa ya ce miki a zaune take?"

"Kaka, ka kashe ni."

Malama Bahijja, malamar kimiyyarsu, ta raɗa mata cewa su janye kawai. Ummulkhairi ta kama hannun injin ta murɗa. Komai ya motsa sumul. Sai ta lura kowace duniya tana kan wata 'yar ƙafa tata daban, ƙaramin wili a kan babba, don ta riƙa yin gaba tana dawowa baya kamar yadda ake ganinta a sama. Tsohon ya ƙera tsarin mutanen zamanin da cif, ba abin da ya bari.

Aka kira su.

Ta fito ta ce wa alƙalai ga sama yadda masana suka ɗauke ta sama da shekara dubu, kuma ba wawaye ba ne, lissafinsu yana fitar da watanni da husufi. Ta murɗa, Marriku ya yi gaba, ya tsaya, ya ja da baya. Ta nuna wililikan da aka jibga kafin hakan ya yiwu. Sannan ta juya ga kujerar gaba, ta roƙi wanda ya ƙera ya ara mata hannunsa na minti biyar.

Kaka Bukar ya hau yana gunaguni, ya naɗe hannun riga, ya zaro sukurdireba daga aljihu. Tana nunawa yana kwancewa. Ƙananan wilin suka taru a faranti. Ya ɗaga Duniya da Watanta ya kai layi na uku, ya dasa Rana a tsakiya.

Ta ce ya murɗa. Duniya ta biyo ta ciki da sauri ta wuce Marriku. Ta ce wa jama'a su tuna in Adaidaita ta wuce tirela a titin nan na waje, wanda ke ciki gani yake tirelar baya take yi.

Tsohon ya sake murɗawa. Ya sunkuya ya sa ido daidai Duniya, ya murɗa na uku. Ya daɗe a haka, ya manta da makirifon da ke gabansa.

"Ikon Allah. Sati biyu na yi ina fama da wilin nan, ashe aikin banza ne."

Ɗakin ya kece da dariya da tafi. Alƙalai ba su ma daɗe suna shawara ba suka ce ita ce ta ɗaya. Malama Bahijja ta rungume ta tana hawaye, Kaka kuwa yana gaya wa duk wanda ya zo gaishe shi cewa amaryarsa ce, shi ya koya mata riƙon guduma.

Ana cikin ɗaukar hoto wani dogon mutum mai farin gilashi ya ratso taron, riƙe da fayil mai tambarin gasar ta ƙasa. Ba wanda ya san shi. Ya dubi injin, ya dubi tsohon, sannan ya tsaya a gabanta.

"Daga Abuja nake. Ƙa'ida ta ce ɗaliba ce za ta ƙera da kanta. 'Yan mata, buɗe min tafin hannunki in ga ko ya san guduma."